Wadda Ta Riƙe Mini Goyo

Yanzu idan na idar da sallar asuba na zauna a kan darduma, abin da kunnena yake ji shi ne ƙarar babura a bakin titi da injin markaɗen maƙwabta. A Furana inda aka haife ni, ba haka gari yake wayewa ba. Tun ido bai gama ganin tafin hannu ba za ka ji taɓarya ta faɗa turmi a wani gida, can wata ta amsa mata daga bayan danga, kafin rana ta ɓullo duk unguwa ta ɗauka. Muna yara muna iya gane mai daka ba tare da mun gan ta ba. Akwai mai sauri kamar ana binta, akwai mai jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, akwai kuma mahaifiyata, Inna, wadda dakanta yake tafiya a hankali, ba ya tsayawa sai ta gama.

Inna man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. A wancan lokacin ba wanda zai ce maka tana aiki. Mai aiki shi ne wanda yake sa takalmi ya tafi Ikara da safe. Ita kuwa sai a ce tana ɗan taɓa sana'a, alhali ban taɓa ganin mutumin da yake motsi kamarta ba. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta niƙa, ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, duk wannan da tukunyar tuwo a kan murhu, da yaro a bayanta, wani kuma yana jan zaninta. Ƙamshin suyar nan ya kama komai namu, har allon da muke zuwa makaranta da shi. Da wannan man ta yi mana sutura, da shi ta yi wa yayyena kayan ɗaki, kuma a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri hatsin Baba bai kai ko'ina ba, turmin Inna ne ya riƙe gidan, ko da yake ba ta taɓa bari an faɗi haka a gabansa ba.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda yaro ba shi da baya ɗaya. Gidanmu babba ne, akwai matan baffannina, akwai kakarmu, akwai 'yan mata birjik. Idan Inna za ta kusanci kaskon mai, sai kawai ta kwance goyo ta miƙa, duk wadda hannunta yake sake ta karɓa, babu roƙo babu godiya. Kakarmu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, zaren abawa yana sauka daga hannunta, jariri kwance a cinyarta, wani lokaci ma ba jikanta ba ne. Takan ce wa matan, “Ku ajiye mini shi ku je ku nemi na gishiri, ni ƙafata ce ta mutu, cinyata ba ta mutu ba.” Ba zan ce komai na lokacin daidai yake ba. Yayata ta fi ni kai nesa ba kusa ba, amma raino da talla suka cinye ƙuruciyarta, ni da na zo daga baya aka sa ni a boko. Har ta rasu tana kirana Malama, da dariya, ni kuwa duk lokacin da ta faɗa sai in ji wani abu a raina.

Na yi karatu gwargwadon abin da ake yi a lokacin, aka ɗauke ni koyarwa, aka kuma yi mini aure a Nasarawan Doya. Maigidana manomin rake ne, mutum mai sanyin hali, wanda ya san ina koyarwa tun kafin ya neme ni kuma bai taɓa cewa in bari ba. Wadda nake tsoro ita ce mahaifiyarsa, Iya. Doguwar mace ce marar yawan magana, idan ta dube ka sai ka fara lissafin laifin da ka yi. Sana'arta daddawa, kuma ta yi suna da ita. Ranar kasuwar Makarfi tun kafin a sauke kwandonta masu sari suke tsaye suna jira. Ba ta taɓa yabon aikina ba, ba ta taɓa kushe shi ba. Idan na fito da safe na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa, ta dubi hannuna ta ce, “An tafi aikin allin?” In ce, “E, Iya.” Ta ce, “A dawo lafiya.” Iyakar hirarmu ke nan, ni kuma na fassara shirun nata da cewa ba ta so.

Da na haifi 'yata ta fari aka sa mata sunan Iya, muke kiranta Ummi. Bayan na gama wankan jego na koma makaranta da ita a bayana. Ajin namu na laka ne, tagoginsa babu murfi, awaki suna leƙowa. Ina rubutu a allo tana barci a bayana, idan ta farka in zauna a bayan ƙofa in ba ta nono yara suna maimaita abin da na rubuta. Ba wanda ya ga aibun haka, don iyayen yaran ma haka suke zuwa rijiya da gona. Ana nan wata rana hedimasta ya tara mu ya ce umarni ya zo daga sama: duk malamin da ba shi da cikakkiyar takardar shaidar koyarwa sai ya je Zariya ya yi kwas na wasu watanni, wanda bai je ba a bakin aikinsa. Da ya sallami kowa sai ya tsayar da ni, ya ce, “Malama, gara in gaya miki tun yanzu, can ba a karɓar mai goyo, ko a aji ko a ɗakin kwana.”

Ummi a lokacin ko zama ba ta gama iyawa ba. In yaye ta a wannan ƙanƙantar, ga zafin bazara ya kunno kai, na san abin da nake gani yana faruwa da yaran da aka cire wa nono da wuri. In bar aikin kuma, na tuna yayata da duk abin da aka tauye mata kafin ni in kai nan. Ga wata wahalar: 'yar fari ce, kuma a tarbiyyarmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya, ko sunansa ba ta kira. Ba ni da bakin da zan ce wa kowa ba zan iya rabuwa da ita ba. Na gaya wa maigidana, ya ce, “Ni ban hana ki tafiya ba, ban kuma ce ki bari ba. Amma maganar yarinyar nan ta fi ƙarfina. Ki je ki sami Iya.”

Na kwana biyu ina juya abin, daga ƙarshe na yanke cewa ajiye aikin zan yi. Na sami Iya a bayan ɗakinta tana wanke kalwa, wato 'ya'yan ɗorawar da ake yin daddawa da su, hannunta cikin kwando har gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gajiya, na tambayi aiki, har gaisuwa ta ƙare mini.

Na ce, “Iya, dama zuwa na yi in shaida miki zan ajiye aikin.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Korar ki aka yi?”

Na ce, “A'a.”

“Yaron nan ne ya ce ki bari?” Ɗanta take nufi, shi ma ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

Na ce, “A'a, Iya. Karatu aka ce mu je Zariya, kuma ba a zuwa da goyo.”

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, “Ɗakin karatun ne ba a shiga da goyo, ko garin Zariyar gaba ɗaya?”

Ta ce, “Miƙo mini ƙwaryar can.” Na miƙa mata, ta ci gaba da aikinta, na gaji da durƙuso na tashi.

Ana gobe za a tafi, ni ban haɗa ko tsinke ba, sai ga Iya a ƙofar ɗakina da ƙullin kayanta da tabarma a naɗe. Ta ce, “Ke ba ki shirya ba? Motar kasuwa ba ta jiran mutum.” Ashe ta riga ta aika wa wata 'yar ƙanwarta da take aure a Tudun Wadan Zariya cewa a share mana ɗaki. Maigidana ya ce, “Iya, kalwar fa? Yanzu ne lokacinta.” Ta ce, “Ɗorawa ba bana ta fara 'ya'ya ba, ba kuma bana za ta daina ba.” Duk wanda ya san sana'ar ya san abin da ta bari. A bazara ake sayen kalwar da za a yi aiki da ita har shekara ta zagayo, wanda ya rasa wannan lokacin ya rasa shekarar.

Haka muka zauna a Zariya. Kullum da safe mu fito tare, ni da littattafai, ita da Ummi a baya da tabarma a ka. A wajen ƙofar makarantar akwai wata darbejiya, nan ta mayar ɗakinta. Da farko maigadi ya so ya tashe ta, ta ce masa, “Ɗan nan, inuwar ma ta gwamnati ce?” Ya yi dariya ya ƙyale ta, daga baya har ruwa yake kawo mata. Da an buga ƙararrawar hutu sai in fito da sauri, ta kwanto yarinyar ta miƙo mini, ta juya mana baya tana kallon titi har in gama. Matar da ba ta saba zama ba, wadda tun tana budurwa hannunta bai huta ba, ita ce take wuni a kan tabarma tana korar ƙuda. Wata rana na fito na tarar tana tsince wa mai sayar da wake a gefenta tsakuwa, kyauta, don dai hannun ya sami abin yi.

A ajinmu akwai wata 'yar Kudan da ta baro jaririnta a gida. Kullum gaban rigarta a jiƙe, tana rufewa da littafi, idan malami ya juya sai ta share hawaye. Iya ta lura da ita a bakin ƙofa, ta kira ta, ta ce, “'Yar nan, ina ɗan?” Ta gaya mata. Iya ta ce, “Aika a kawo shi. Tabarmar tana da faɗi.” Aka kawo shi kuwa, Iya ta haɗa su biyu, ɗaya a baya ɗaya a cinya. A watannin nan ne na fara jin muryarta sosai, don da yara tana da surutu. Sai in jiyo ta tana ce wa Ummi, “Takwara, yi haƙuri, uwarki tana can tana koyon abin da za ta ciyar da ke.”

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar gwajin koyarwa, wanda ake sa ka a gaban yara, manya suna zaune a baya suna duba yadda kake yi. Wanda ya faɗi wannan, duk zaman da ya yi ya tashi a banza. Ummi ta wayi gari da zazzaɓi da gudawa, ta ƙi kama nono sosai. Muka iso gindin darbejiya na tsaya, ƙafata ta ƙi shiga. Iya ta taɓa goshin yarinyar, ta dube ni ta ce, “Shiga. Haƙori ne. In akwai abin kira zan kira ki.” Na shiga. Har yau ban san abin da na koyar ba, na dai san bakina yana magana, kunnena yana waje.

Da na fito babu Iya babu Ummi. Ƙawata 'yar Kudan ce zaune a kan tabarmar da ɗanta, don ita ta yi nata gwajin tun jiya. Ta ce, “Jikin ya ƙara zafi, idonta ya faɗa. Iya ta ɗauke ta ta yi asibiti, ta ce kada wanda ya kira ki sai kin gama.” Iya fa ba ta yarda da asibiti ba. Duk 'ya'yanta a ɗaki ta haife su, maganinta saiwa da sassaƙe, ko allura ba a taɓa yi mata ba. Amma da ta ga abin ya wuce saninta, ba ta tsaya gwada jiƙo ba, ta goya yarinyar ta kama hanya a ƙasa cikin ranar nan, a garin da ba ta sani ba, tana tambaya har ta kai.

Na same su an sa wa Ummi ƙarin ruwa, Iya tana zaune a ƙasa a gefen gadon, ƙafafunta sun yi futu-futu, takalminta ɗaya ya tsinke. Ma'aikaciyar jinyar ta ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Na tsaya a bakin gadon kamar baƙuwa, ina so in rungume 'yata, kunya ta riƙe mini hannu. Iya ta dube ni, ta miƙe da ƙyar ta ce, “Bari in nemi inda zan yi alwala.” Lokacin salla bai yi ba. Ta fita ta ja labule, ta daɗe ba ta dawo ba, har na yi kukana na gama na wanke fuska. Da ta dawo ta zauna, sai ta ce, “Kin yi abin naki?” Na ce, “Na yi, Iya.” Ta ce, “To, alhamdu lillahi. Ba mu yi zaman banza ba.”

Ummi ta warke, ni kuma na ci gwajin. Muka koma gida damina ta yi nisa, kalwa ta yi tsada ta kuma yi wuya, masu sarin Iya sun koma wajen wata. Wasu sun dawo daga baya, wasu ba su dawo ba, kuma sana'ar ba ta sake komawa yadda take ba har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta taɓa ambata wannan ba, ko da wasa. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na je na durƙusa zan yi mata godiya, ina fara magana ta katse ni. Ta ce, “Tashi, tuwonki zai kama. Mace in ta saki abin hannunta, komai ƙanƙantarsa sai ta roƙa. Ban so takwarata ta tashi ta ga uwarta tana roƙo ba.” A tsakanin suruka da matar ɗa a wancan zamani, magana ba ta wuce haka. Na koyar har na yi ritaya, na haifi sauran 'ya'yana, kowannensu ya yi ɗumi a bayanta kafin Allah ya karɓi abarsa.

'Ya'yan yanzu sun fi mu samun dama, wannan ba na musu. Suna tuƙa mota, suna zama a ofis, ana ba su hutun haihuwa, injin yana yi musu niƙa da markaɗe. Amma idan na je gidajensu sai in ga kowace a bayan ƙofarta a kulle, daga ita sai miji sai yara, babu kaka a tsakar gida, babu matar baffa, babu hannun da yake sake. Autata ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, mijinta yana aiki a wani gari sai ƙarshen mako. Takan kira ni a waya muryarta a dushe, ta ce, “Mama, yau daga wurin aiki na wuce kasuwa, na dawo na ɗora girki, ga wanki yana jirana.” Na so in je in zauna mata, amma gwiwoyina sun ƙi, hawan benen gidansu kaɗai sai na huta a hanya. Wannan abu ya daɗe yana damuna.

Kwanakin baya dai na daure na je. Na isa da hantsi, tana wurin aiki, ta ce in karɓi makulli a ɗakin da yake kallon nasu. Na ƙwanƙwasa, wata mata ta buɗe, ba za ta wuce sa'ar Ummi ba, ga tef ɗin awo a wuyanta, keken ɗinki a cikin ɗaki da tulin kayan mutane. 'Yar kudancin Kaduna ce, Hausarta da ɗan gargada. Goye a bayanta kuwa jikana ne, ɗan autata, ya yi barci har da miyau, ta ɗaure shi da zani tamau irin ɗaurin da na sani. Ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujera. A cikin hira na fahimci kullum haka suke yi: idan autata tana aiki ita take riƙe yaron, ita kuma autata takan kai mata nata yaran makaranta a mota, ta duba mata mahaifiyarta mai hawan jini. Na dubi kayan da suke jibge, ga salla ta matso, na san yaron nan yana rage mata sauri.

Ban san lokacin da na zame daga kujerar na kai gwiwa ƙasa ba, gwiwar da ko a salla sai na zauna. Na ce, “'Yar nan, na gode. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki naki.”

Ta rikice, ta kama hannuna tana ɗaga ni. Ta ce, “Haba Mama, ki tashi don Allah. Ai ba komai, maƙwabtaka ce.”

Na ce, “Akwai komai. Ni an taɓa yi mini, na san abin da yake ci wa mai yi. Wadda ta yi mini ba ta bari na faɗa ba, ke kam sai kin ji.”

Ta tsaya ta saurare ni har na gama, idonta ya kawo ruwa. Sannan na koma kan kujera na gyara zama, na ce ta kwanto mini shi. Ta sa shi a cinyata bai ko motsa ba. Na ce, “Je ki ga ɗinkinki, masu kaya suna jira.” Ta zauna ta taka keken, muka wuni a haka har uwarsa ta dawo.